Ajalin waya biyu ne: abin da ma'aikaci ya kamata ya sani kafin ya zuba albashinsa a Banex

Duk wanda ya taɓa shiga motar ma'aikata daga Mararaba, Kubwa ko Lugbe da sanyin safiya ya san cewa aikin gwamnati yana farawa tun kafin a isa Sakatariyar Tarayya. Kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Wannan yana duba sanarwar taron da aka matso da shi zuwa ƙarfe tara, wancan yana karanta takardar umarni da ta iso dandalin WhatsApp na sashensu tun ba ta kai teburin darakta ba, wata kuma tana leƙa manhajar banki ko albashi ya shigo. Hadimin da ke bin minista ko ɗan majalisa kuwa, a cikin wayarsa jadawalin maigida yake, da daftarin jawabinsa, da lambobin mutanen da ba kowa ake bai wa ba.

Waya ta zama ofis na biyu, wani lokacin ma na farko. Amma idan ma'aikaci ya tashi sayen sabuwa, tambayoyin da yake yi ba su wuce uku ba: kyamararta na da kyau, batirinta na daɗewa, nawa ne kuɗinta. Akwai tambaya ta huɗu, wadda a yau manyan kamfanonin duniya ke gasa a kanta, har wasu ƙasashe suka kafa mata doka, amma da wuya a ji ta a bakin mai saye ko mai sayarwa a Abuja: har zuwa yaushe kamfanin da ya ƙera wayar nan zai ci gaba da kula da ita?

Daga layin dubu ashirin zuwa ofis a aljihu

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, inda kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. A watan Agustan wannan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin lokacin, layukan NITEL da ke aiki a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma samun ɗaya sai an haɗa da hanya. Waɗanda suka ga farkon GSM suna tuna lokacin da layi kaɗai ke cin Naira dubu ashirin ko fiye, ana kuma cajin kira da minti ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi, har sai da Glo ya shigo a 2003 da tsarin biya da daƙiƙa.

A wancan zamani waya ƙarfe ce da roba. Idan ba ta faɗa ruwa ba, ba a kuma sace ta ba, tana iya shekara goma tana aiki, sai dai a canza batir. Wayar komai-da-ruwanka ta yau wata halitta ce daban. Kwamfuta ce ƙarama da ke haɗe da intanet dare da rana, an ɗaure ta da lambar NIN da BVN, tana riƙe da asusun banki, da hotunan iyali, da takardun ofis. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya kuma ƙara matsa ƙaimi wajen raba ma'aikatu da fayil ɗin takarda, abin da ke nufin nauyin da ke kan waya ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba.

Farashi ya tashi, albashi na rarrafe

Babu wata wayar komai-da-ruwanka da ta shahara a kasuwanninmu da ba daga waje ake shigo da ita ko kayan haɗa ta ba. Da dala ake sayo ta, don haka farashinta da dala yake tafiya. Kafin watan Yunin 2023, dala a kasuwar gwamnati tana kan Naira 460 da ɗoriya. Bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Wayar da ma'aikaci ya saba saye da albashin wata guda sai ta koma cin albashin wata biyu ko uku. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 bai cike giɓin ba. A watan Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Daga waje ma iskar ba mai daɗi ba ce. Tun daga ƙarshen 2025 farashin ƙwayoyin ma'adanar bayanai ya yi tashin gwauron zabi, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da kamfanonin Samsung, SK Hynix da Micron ke samarwa. Irin waɗannan ƙwayoyi suna cikin kowace waya, kuma a kan wayoyi masu araha tsadarsu ta fi nauyi, domin ribar da ke cikinsu ƙanƙanuwa ce.

Sakamakon haka ba boyayye ba ne. Mutumin da a da yake canza waya duk shekara biyu, yanzu lallaɓa ta yake yi ta kai shekara huɗu ko biyar. A canza gilashi, a canza batir, a gyara wurin caji. Wannan dabara ce mai kyau ga aljihu. Matsalar ita ce akwai wani ɓangare na waya da babu mai gyara a duk faɗin Wuse da zai iya sabunta shi.

Ajalin da ake gani da wanda ba a gani

Ajalin farko na waya shi ne na gangar jiki: fuska ta fashe, batir ya kumbura, allon ciki ya ƙone. Wannan kowa yana ganinsa. Ajali na biyu shi ne ranar da kamfani ya daina turo mata sabuntawar tsaro. A ranar babu abin da ke canzawa a ido. Waya na kunnuwa, kira na shiga, hoto na fita. Sai dai daga ranar ta zama kamar gidan da aka sallami maigadinsa, ƙofofi na nan, amma duk ramin da ɓarawo ya gano a katanga babu mai toshe shi.

Ga yadda abin yake. Babbar manhajar da ke tafiyar da waya, Android ce ko iOS, ta ƙunshi miliyoyin layuka na umarni, kuma babu yadda za a yi a rasa kurakurai a ciki. Masu bincike da masu kutse duka suna farautar waɗannan kurakurai. Google yana fitar da jerin waɗanda aka gano tare da facinsu a kai a kai. Amma facin ba ya zuwa wayarka kai tsaye. Sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, kamar MediaTek, Qualcomm ko Unisoc, ya yi nasa aikin, sannan kamfanin da ya haɗa wayar ya daidaita facin da samfurinsa, ya gwada, ya turo. Kowane mataki kuɗi ne da ma'aikata. Kamfanin da ke fitar da samfura masu yawa a shekara, kowanne da ƙaramar riba, ba ya ganin amfanin ci gaba da kashe kuɗi a kan wayar da ya riga ya karɓi kuɗinta.

Abin da ya fi muni shi ne, da zarar an wallafa faci, an kuma bayyana wa duniya inda ramin yake. Wayar da ta samu facin ta tsira. Wadda ba ta samu ba, an nuna wa ɓarayi ƙofarta.

Bayan tsaro, akwai ranar da manhajoji da kansu ke juya wa tsohuwar waya baya. A tsakiyar 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6 da 6 Plus, saboda ba za su iya ɗaukar iOS 15.1 ba. Manhajojin banki ma suna ɗaga mafi ƙarancin abin da suke karɓa lokaci zuwa lokaci. Sai mutum ya wayi gari da waya lafiya lau a hannu, amma abin da ya saye ta dominsa ya ƙi buɗewa.

Gasar shekaru

Shekaru kaɗan da suka wuce, gasar kamfanonin waya a kan yawan idanun kyamara take da faɗin fuska. Yanzu da wayoyin suka kusa zama iri ɗaya, kuma mutane a ko'ina suka rage saurin canza su, gasar ta koma kan alkawarin shekaru. A watan Oktoban 2023 Google ya fito da Pixel 8 da alkawarin sabuntawa na shekara bakwai. A watan Janairun 2024 Samsung ya yi irin wannan alkawari a kan Galaxy S24. Abin da ya fi shafar mai matsakaicin albashi shi ne, a ƙarshen 2024 Samsung ya sauko da alkawarin zuwa ƙananan samfuransa, inda Galaxy A16 ta zo da shekara shida. Apple, wanda ya daɗe yana kula da wayoyinsa shekaru masu yawa ba tare da ya rubuta adadi ba, ya bayyana a 2024 cewa aƙalla shekara biyar zai riƙa bayarwa, bayan wata doka a Birtaniya ta tilasta wa kamfanoni faɗin wa'adinsu a fili.

Tarayyar Turai ce ta fi kowa matsa lamba. Ita ce ta wajabta caja iri ɗaya ta USB-C daga ƙarshen Disamban 2024, dalilin da ya sa Apple ya rabu da tasa cajar tun daga iPhone 15 a 2023. Daga ranar 20 ga Yunin 2025 kuma, duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashen Tarayyar dole ta samu sabuntawar manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, a samar da kayan gyaranta na shekara bakwai, batirinta kuma ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan caji 800.

Wannan doka ba ta shafi Najeriya ba. Amma tana da tasiri a kanmu ta hanya biyu. Samfurin da ake sayarwa a Turai da nan duka, yakan zo mana da alherin dokar. Samfurin da aka ƙera musamman don kasuwannin da babu irin wannan doka kuwa, wa'adinsa yana hannun kamfani ne kawai.

Kamfanin da ya fahimci Afirka

Ba a maganar waya a Najeriya a tsallake Transsion, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin da ke da Tecno, Infinix da itel. Zhu Zhaojiang ne ya kafa shi a 2006, ya kuma mayar da hankalinsa kan Afirka a lokacin da manyan kamfanoni ke kallonta a matsayin wurin zubar da ragowar kaya. Ya lura cewa ɗan Najeriya yana yawo da waya biyu ko uku saboda tsadar kira tsakanin layuka da rashin tabbas na sabis, sai ya kawo waya mai layi biyu. Ya lura da matsalar wutar lantarki, ya kawo babban batir. Ya gyara kyamararsa ta yadda za ta fitar da fuskar baƙar fata da kyau. Ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare, ya kafa masana'antar haɗa waya a Habasha a 2011, sannan ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019. A 'yan shekarun nan kusan rabin wayoyin komai-da-ruwanka da ke shigowa Afirka nasa ne.

Miliyoyin 'yan Najeriya ta hannun wannan kamfani suka fara taɓa intanet, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a fagen wa'adin sabuntawa, wayoyi masu araha, nasa da na sauran kamfanoni, sun daɗe suna baya. A samfuransa na sama, irin su Camon da Note, a 2024 kamfanin ya yi alkawarin kimanin shekara uku na facin tsaro, wanda ci gaba ne, amma bai kai rabin abin da Google da Samsung ke bayarwa a manyan wayoyinsu ba. A can ƙasa kuwa, inda mafi yawan masu saye suke, sau da yawa ba a ma faɗin adadi.

Nan ne lissafin ke canzawa. Mu ɗauki misali da wayoyi biyu, ɗaya Naira 300,000 da wa'adin shekara biyu, ɗaya Naira 480,000 da wa'adin shekara shida. Ta farko tana cin Naira 150,000 a kowace shekarar da take cikin kariya, ta biyu Naira 80,000, ban da kuɗin canza batir sau ɗaya a tsakiya. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Gaskiya ne ba kowa ke iya tara kuɗin ta biyun a lokaci guda ba, amma wanda zai karɓi rancen ƙungiyar adashin ma'aikata don sayen waya ya kamata ya san wacce ce mai arahar gaske.

'Yar Landan da sabuwar riga

Ga wanda ke son babbar waya amma aljihu bai kai ba, mafita ita ce wadda aka yi amfani da ita a waje, wadda 'yan kasuwa ke kira 'yar Landan ko da daga Amurka ko Dubai ta fito. Banex da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, da Computer Village a Ikeja, da Farm Centre a Kano, duk cike suke da su. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa a waɗannan wurare, kuma tsohuwar babbar waya takan fi sabuwar ƙarama inganci. Amma agogon wa'adinta ya fara bugawa tun ranar da samfurin ya fito, ba ranar da ka saya ba.

iPhone 8 da iPhone X, da suka fito a 2017, sun tsaya a iOS 16. iPhone XR da XS na 2018 ba su samu iOS 26 da ta fito a watan Satumban 2025 ba. Apple yakan ci gaba da turo wa irin waɗannan wayoyi facin gaggawa na wani lokaci, amma rana ta riga ta yi musu yamma. Abin lura kuma shi ne wata sana'a da ta yaɗu, ta ɗauko cikin XR a sanya shi a gangar jikin da ta yi kama da iPhone 13 ko 14 Pro. Wasu masu sayarwa suna faɗa a fili, su kuma rage farashi. Wasu ba sa faɗa. Ko an faɗa ko ba a faɗa ba, abin da ke ciki na 2018 ne, sabuwar riga kawai aka sanya wa tsohuwa.

Gano gaskiya ba wuya. A danna *#06# a ga lambar IMEI, a kwatanta da wadda ke jikin kwali da wadda ke cikin saitin waya. A iPhone, shafin bayanin waya yana nuna sunan samfurin na ainihi, a sababbin samfura ma yana nuna ko an taɓa canza fuska ko batir. A Android, a nemi ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ranar ta wuce shekara guda, kuma an nemi sabuwa babu, to kamfani ya riga ya yi sallama da wayar.

Abin da ke kan gaba ga ma'aikaci da hadimi

Ga talaka, haɗarin tsohuwar waya shi ne a kwashe masa kuɗin banki. Ga ma'aikacin gwamnati, akwai ƙari. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, haka ma ƙa'idojin aikin gwamnati da suka haramta fitar da takardun ofis ba da izini ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Idan jerin sunaye da lambobin asusun ma'aikata ko daftarin takardar majalisar zartarwa ya fita ta wayar wani jami'i, tambayar da kwamitin ladabtarwa zai yi ba ta shafi kamfanin wayar ba. Jami'in za a tambaya.

Hadiman manyan mutane su ne suka fi zama abin hari. Binciken da gamayyar kafafen yaɗa labarai ta wallafa a 2021 a kan Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, ya nuna cewa ana iya shiga waya ba tare da mai ita ya taɓa komai ba, kuma a jerin lambobin da aka gano akwai na shugabannin ƙasashe da na makusantansu. Wannan ne ya sa Apple ya fito da wani tsarin kulle na musamman a 2022 don waɗanda ke cikin irin wannan haɗari. Mai neman sirrin maigida ba lallai ya nufi wayar maigida ba. Ta mai riƙe masa jaka ta fi sauƙi, musamman idan shekara uku ke nan rabonta da faci.

Duk da haka, a ma'aikatu da yawa babu wata ƙa'ida a kan irin wayar da za a yi aikin ofis da ita. Kowa da tasa, da kuɗinsa ya saya, kuma a cikinta yara ke kallon wasanni da daddare. Gwamnatin da ke son rabuwa da takarda ya kamata ta dubi wannan giɓi: ta fitar da mafi ƙarancin sharaɗi ga wayoyin da ke ɗaukar bayanan ofis, ta samar da waya ta aiki ga masu riƙe da muƙaman da ke da sirri, ta kuma karkata aiki zuwa adireshin imel na gwamnati da Galaxy Backbone ke kula da shi maimakon dandalin hira. NCC, wadda dama ita ke tantance samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasar nan, tana da damar buƙatar kowane kamfani ya rubuta wa'adin sabuntawa a jikin kwali. Wannan ba zai ci wa baitulmali ko sisi ba, kuma Birtaniya ta riga ta nuna yana yiwuwa.

Ƙyalƙyalin talla

Tallar waya a yau a kan abu biyu take: 5G da ƙirƙirarriyar basira. MTN da Mafab sun sayi lasisin 5G a watan Disamban 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ya fara aiki a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. A wasu unguwannin tsakiyar Abuja saurinsa abin sha'awa ne. Amma mafi yawan 'yan Najeriya har yanzu a kan 4G da abin da ke ƙasa da shi suke, kuma ma'aikacin da ke kwana a Suleja ko Gwagwalada ya kamata ya bincika ko sabis ɗin ya kai unguwarsa kafin ya biya ƙarin kuɗi dominsa. Wanda zai riƙe waya shekara shida, yana da hujjar sayen mai 5G saboda gaba. Wanda zai saye ta da wa'adin shekara biyu, mai yiwuwa wayar ta riga sabis ɗin tsufa.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa tana iya taƙaita doguwar takarda, ta fassara, ta mayar da muryar taro rubutu. Sai dai a wayoyi da yawa ba a cikin wayar ake aikin ba, ana tura bayanin ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Jami'in da ya ɗora takardar sirri don a taƙaita masa, ya fitar da ita daga ofis da hannunsa, ko da bai yi niyya ba.

Kafin a ƙirga kuɗi

Wata mai zuwa, idan albashi ya shigo ko bashin adashi ya fito, wasu daga cikin masu karanta wannan za su tsaya gaban kanta a Banex ko Emab. Mai shago zai kunna fuska, ya ɗauki hoto, ya nuna yadda ya fito tas. Babu laifi a yaba. Amma kafin a ƙirga kuɗi, a tambayi shekarar da samfurin ya fito, a duba a shafin kamfanin shekara nawa ya yi alkawari, a cire waɗanda suka wuce, a raba farashin da abin da ya rage. Wanda kuma ba shi da halin canzawa yanzu, ya buɗe saitin wadda ke hannunsa a yau, ya karɓi sabuntawar da ya daɗe yana ɗagewa don tsoron cin data, ya sa wa layinsa lambar sirri, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Idan ya ga wa'adinta ya ƙare, to ya bar ta ga kira da sauraron karatu, ya nisanta ta da takardun ofis da asusun albashi.